Gidan Sakkwato da Gidan Fatakwal: Tambayoyi da Amsoshi kan Yanayin Wuri da Ƙa'idar Gini Mai Tsimin Wuta

Waɗannan tambayoyi ne da masu shirin gini, da magina, da ɗaliban zanen gini suka saba yi idan aka zo maganar zafin ɗaki da kuɗin wuta. An tsara amsoshin ne da Najeriya da Nijar a zuciya, sai dai an leƙa wasu ƙasashe inda hakan zai ƙara haske.

Me ake nufi da gini mai tsimin wuta?

Gini ne da mutum zai zauna a cikinsa cikin daɗi ba tare da ya ƙona wuta mai yawa ba. A ƙasashen sanyi, yawancin wutar gida tana tafiya ne wajen ɗumama ɗaki. A wajenmu kuwa fanka da esi da firji ne ke shanye ta. Duk zafin da ya shigo ta rufi ko bango ko taga, sai an biya kuɗi kafin a fitar da shi, ko dai a biya kamfanin wuta, ko mai gidan mai, ko mai sayar da batirin sola. Wanda ba shi da abin biya kuma da jikinsa yake biya, da gumi da rashin barci. Ƙa'idar gini mai tsimin wuta ita ce dokar da ke cewa ga mafi ƙarancin abin da za a yi wa rufi da taga da fitilu da na'urori kafin a amince da gini.

Me ya sa ƙasashe ke raba ƙa'idar shiyya-shiyya, maimakon doka ɗaya ga kowa?

Saboda abin da ke taimakon gida a wani wuri shi ne ke cutar da shi a wani. Babbar tagar gilashi da ke shigo da hasken rana alheri ce a garin da ƙanƙara ke zuba, domin tana rage kuɗin ɗumama ɗaki. Wannan tagar a Maiduguri azaba ce.

Amurka ta raba ƙasarta zuwa shiyyoyi takwas, daga ta 1 mai tsananin zafi, inda birnin Miami yake, har zuwa ta 8 a arewacin Alaska. An kuma ƙara harafi a kan lambar: A ga wuri mai laima, B ga busasshen wuri, C ga gaɓar teku mai sanyi-sanyi. A ƙa'idarsu ta gidajen zama ta 2021, ƙarfin abin tare zafi da ake nema a saman silin na shiyyoyin sanyi ya ninka na shiyya ta 1 sau biyu. A shiyyoyin zafi kuma an ɗaure gilashi, an ce kada ya bar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na zafin rana ya ratsa shi, alhali a can ƙuryar arewa ba a sa wannan sharaɗin ba sam.

Indiya ta fitar da tata ƙa'idar a 2007 da shiyyoyi biyar, kuma biyu daga cikinsu, wato mai zafi da bushewa da mai ɗumi da laima, sun yi kama da namu ƙwarai. Sin ma shiyya biyar ce. Can har akwai wani tsohon layi da ya bi kogin Huai da duwatsun Qinling tun shekarun 1950: biranen da ke arewa da shi gwamnati na tura musu ɗumi ta bututu a lokacin sanyi, na kudu kuwa ba a tura musu. Mutanen da ke dab da layin ta kudu sun daɗe suna ƙorafi, domin sanyi bai san an ja layi ba. Wannan shi ne aibin kowace taswirar shiyya, amma duk da haka ta fi rashinta.

Da wane ma'auni ake yanke cewa gari kaza na shiyya kaza ne?

Abu biyu ne manya: zafi da laima. Wajen auna zafi, ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE tana ɗaukar matsakaicin zafin kowace rana, ta cire digiri 10, ta tara abin da ya rage na shekara guda. Ranar da matsakaicinta ya kai digiri 30 ta ba da 20 ke nan. A 2013 ƙungiyar ta ƙara wata shiyya mai lamba 0, domin ta ga akwai wuraren da zafinsu ya wuce na shiyya ta 1, wato waɗanda jimlarsu ta haura 6,000 a shekara. Idan aka yi lissafi, duk garin da matsakaicin zafinsa na shekara ya wuce digiri 26 da rabi ya shiga ciki. Sakkwato da Yamai sun wuce nan da nisa. Ma'ana, gidajenmu suna fuskantar zafin da ya fi na Miami, garin da Amurkawa ke kafa misali da shi.

Laima kuma ana duba ta ne ta yawan ruwan sama idan aka gwada shi da zafin wurin.

Ai duk Najeriya zafi ake yi. Me kuma za a raba?

Zafin iri biyu ne, kuma maganinsu ya sha bamban. Wanda ya taɓa kwana a Fatakwal ya kuma kwana a Katsina ya san haka a jikinsa.

A kudu, daga Legas zuwa Fatakwal da Kalaba, ruwan sama na da yawa, a Fatakwal yana wuce milimita 2,000 a shekara. Iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, kuma tsakanin zafin rana da na dare ba wani babban rata. Da wuya ma'auni ya kai digiri 40, amma mutum na jiƙe. Abin da jiki ke nema a nan shi ne iska mai motsi. Don haka gidan da ya dace da wurin shi ne marar nauyin bango, mai tagogi biyu suna kallon juna a kowane ɗaki, mai dogon bakin rufi da zai kare bango daga rana da feshin ruwa, mai tazara tsakaninsa da maƙwabcinsa. Bango mai kauri a nan zai sha zafi da rana, dare kuma ba shi da sanyin da zai zare masa shi.

A arewa lissafin ya juye. Ruwan Sakkwato bai kai sulusin na Fatakwal ba. A watan Afrilu zafin rana na kai digiri 40 har ya wuce, a hunturu kuma da asuba ma'auni na sauka ƙasa da digiri 15 a Kano, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari har leɓe ya tsage. Babban abin lura shi ne ratar da ke tsakanin rana da dare, wadda a yawancin watannin rani kan wuce digiri 15. Wannan ratar dukiya ce ga mai gini. Iskar tsakar rana a nan ba abokiyar arziki ba ce, zafi da ƙura take ɗauke da su, saboda haka a rufe gida da rana, a buɗe shi da dare, a bar bango mai nauyi ya tara sanyin dare ya riƙe shi zuwa gobe.

Tsakanin biyun akwai Abuja da Minna da Lakwaja da Makurɗi, waɗanda ke ɗanɗana wannan rabin shekara, su ɗanɗana wancan sauran rabin. Su suka fi wuyar sha'ani wajen zane. Kuma ko Kano ɗin, a watan Agusta laima na hawa sosai, don haka gidan arewa ma yana bukatar tagogin da za su ba iska hanya idan damina ta kankama. Ƙananan tagogi ba su nufin ɗaki marar mafitar iska.

Shin Najeriya na da irin wannan ƙa'ida a rubuce?

Tana da ita. A 2016 Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, tare da hukumar raya ƙasashe ta Jamus, GIZ, ta fitar da littafin jagora kan gini mai tsimin wuta, wanda ya bambanta dabarun yanki mai zafi da bushewa da na yanki mai zafi da laima. A 2017 kuma, lokacin Babatunde Fashola na minista, aka ƙaddamar da ita kanta ƙa'idar, wadda ake kira BEEC a taƙaice.

Sharuɗɗanta na tushe huɗu ne. Faɗin tagogi kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango, idan kuma ya wuce to a yi musu inuwa. Rufi ya samu abin tare zafi mai ƙarfin 1.25 a ma'aunin da injiniyoyi ke kira R, wanda a aikace bai wuce shimfiɗa mai kaurin santimita 5 na audugar gilashi ko farin soson nan da ake naɗo firji da shi a kwali ba. Fitilu kada su wuce wat 6 a kowace murabba'in mita a gidan zama, ko wat 8 a ofis. Esi kuma ya zama mai inbata, wato mai injin da ke rage gudu ko ya ƙara gwargwadon bukata, wanda zai fitar da aƙalla wat 2.8 na zafi a kan kowane wat ɗaya na wuta da ya ci.

Duka huɗun magana ce ta hana zafi shiga da rage ɓarna, kuma wannan bukata ce ta kowa daga Badagiri har Baga. A ganina mafari ne mai kyau, amma arewa na bukatar ƙari a kansa: nauyin bango, hanyar shigar iskar dare, launin rufi, da kare bangon yamma.

To me ya sa na kai zanen gidana aka sa hannu, ba wanda ya tambaye ni wannan?

Domin amincewa da zanen gini aikin jihohi ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 2003, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya kan tsara birane. Ƙa'idar tarayya ba ta hau kan mai gini a Kano ko Kaduna sai jihar ta ɗauke ta ta sa a dokarta, hukumomin tsara birane irin su KNUPDA da KASUPDA su riƙa dubawa. Ga kuma gidaje masu ɗimbin yawa da ake ginawa ba tare da zane ya je ko'ina ba, daga mai gida sai magini. Wannan raunin yana da wani amfani da ya kamata a kama: tun da jiha ce mai iko, babu abin da zai hana Sakkwato ko Yobe rubuta sharuɗɗan da suka dace da yanayinta, maimakon kwafo na Legas.

Ana ta yabon ginin ƙasa. Da gaske ya fi na bulo sanyi, ko son gargajiya ne kawai?

Da gaske ne a yankin da ya dace, kuma dalilin a fili yake. Zafi ba ya ratsa bango nan take. Yana shiga ne a hankali, kuma gwargwadon kauri da nauyin bangon, gwargwadon jinkirinsa. Bangon tubali mai kaurin rabin mita na riƙe zafin azahar sa'o'i masu yawa, kafin ya iso ciki dare ya yi, waje ya huce, wani sashensa ma ya koma inda ya fito. Haka rufin soro na azara da ƙasa yake aiki. Bulon siminti mai rami, musamman ɗan inci shida, ba shi da wannan nauyin. Zafin la'asar na isowa ciki daidai lokacin da mutane ke shirin kwanciya, shi ya sa za ka taɓa bangon ɗaki da ƙarfe tara na dare ka ji shi da ɗumi.

Maginan da suka gina Gidan Makama a Kano, da Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da mutanen tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, duk da wannan ilmin suka yi aiki: bango mai kauri, ƙananan tagogi a sama, rufi mai tsawo a kan lanƙwasassun ginshiƙan da ake kira bakan gizo, lunguna masu inuwa, da tsakar gida inda iyali ke kwana idan bazara ta yi tsanani. Ba abin da ya wuce ba ne. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986. A Dandaji ta Nijar, mai zanen gini Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018.

Sai dai a faɗi gaskiya duka. Ginin ƙasa na son kulawa: yaɓe, gyaran indararo, da tushe mai tsawo da zai raba shi da ruwan ƙasa. Inda aka yi sakaci, damina mai ƙarfi na rusa shi, har a yi asarar rai. Kuma a ƙarshen Afrilu da Mayu, lokacin da dare kansa ba ya hucewa, bango mai nauyi ba ya samun sanyin da zai tara, ɗaki na iya yin zafi har asuba. Magabata sun san da haka, shi ya sa suka bar fili a tsakar gida. Mai gini a yau da ya cinye filinsa kaf da ɗakuna ya toshe wa kansa wannan mafita.

Idan kuɗina ba zai isa komai ba, wane abu ɗaya zan fara da shi?

Rufi. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya rana a kanmu take tsayawa, kuma da tsakar rana kowace murabba'in mita ta rufi na karɓar kusan wat 1,000. Kwano mai duhu yana shanye mafi yawan wannan, har zafin jikinsa ya wuce digiri 70, ya riƙa turo shi ƙasa ta silin. Farin rufi kuwa yana mayar da fiye da rabi sama. Abin takaici, abin da ake yayi yanzu shi ne dogon rufi baƙi ko ruwan toka mai duhu, irin wanda aka ƙirƙira don ƙasashen da ƙanƙara ke taruwa a kan gida. Ana kashe maƙudan kuɗi a sayo zafi.

Abin yi shi ne kwano mai haske, shimfiɗar tare zafi a kan silin, da ƙofofin iska a ƙarƙashin rufin masu raga, don iskar da ta yi zafi ta samu mafita, jemagu da tsuntsaye kuma kada su shiga. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci babbar kyautar masu zanen gini ta Pritzker a 2022, ya yi suna ne da wannan dabarar tun makarantar firamare ta Gando a 2001: silin na bulon ƙasa, kwano a ɗage can sama, iska na wucewa tsakaninsu. Mai rufin kankare kuma ya shafa farin fenti ko ya yi masa rumfa, domin kankare tsirara na tara zafi ya sako shi da dare. Ƙurar hunturu na dusashe farin rufi, amma ruwan farko na wanke mafi yawanta.

Ina ya kamata gida ya fuskanta?

Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, gajeru su kalli gabas da yamma. Ranar kudu da ta arewa daga sama take zuwa, ɗan bakin rufi ko baranda ya isa ya tare ta. A Kano rana na bi ta tsakar ka a ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta, tsakanin nan tana ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma kudu, don haka duka ɓangarorin biyu na son inuwa. Ranar hantsi da ta la'asar kuwa a kwance suke zuwa, su shiga taga kai tsaye. Ta yamma ta fi muni, domin tana zuwa ne lokacin da iska ta riga ta gasu. A sa banɗaki da sito da matakala a yamma, a shuka darbejiya ko mangwaro a can.

Masu gina masallaci su lura da wannan musamman. Alƙiblarmu gabas ce, sahu kuma na tafiya kudu da arewa, saboda haka dogon bangon baya yamma yake kallo, kuma a nan aka fi buɗe ƙofofi. Rumfa mai zurfi a wannan ɓangaren na sauya yadda ake jin sallar La'asar.

Na'urar sanyi mai amfani da ruwa ta fi esi?

Ya danganta da gari da wata. Aikinta irin na randa ne: ruwa na bushewa ya tafi da zafi. Da wannan dabarar Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Inda iska ta bushe, na'urar na aiki sosai da wuta kaɗan, shi ya sa ta cika gidajen Hartum da Yamai. A Sakkwato ko Damagaram daga Fabrairu zuwa Mayu za ta yi amfani, in dai an bar taga a ɗan buɗe kuma akwai ruwa. A Legas ba abin da za ta ƙara sai laima, haka ma a Kano cikin Agusta.

Esi yana aiki ko'ina, amma ga lissafinsa. Mai doki ɗaya da rabi da ya tsaya a kan mafi ƙarancin sharaɗin ƙa'ida yana cin kusan kilowat 1.25 idan yana aiki da dukan ƙarfinsa, wato yunit 10 a awa takwas. Lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, a Afrilun 2024, yunit ya haura naira 200, a wannan farashin ɗaki ɗaya ke nan na iya cin fiye da naira 2,000 a dare. A kan janareto, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, abin ya fi haka nesa. Ɗakin da aka gyara wa rufi da taga zai wadatu da ƙaramin esi, kuma injin zai riƙa hutawa.

Jos da Mambila fa?

Su daban ne, tsayi ya raba su da maƙwabtansu. Jos na kan tudu mai kimanin mita 1,200, Mambila ta fi haka, kuma kowace mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6. Gida mai kyau a can bai bukatar esi. Damuwarsa sanyin dare ne a Disamba da Janairu, don haka a bar ranar safe ta shiga, a sa tagogi masu rufuwa ruf, a kuma sa abin tare zafi a silin, wanda a nan ɗumin ɗaki yake tsarewa. Kuma kada a kwana da gawayi a ɗaki rufe don jin ɗumi, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Ni ɗan haya ne, ba ni na gina ba. Akwai abin da zan iya?

Akwai. Tare rana tun daga waje, da asabari ko zana ko rumfa a gaban taga, domin labulen ciki yana tare haske ne bayan zafi ya riga ya ratsa gilashi. A lokacin rani, rufe tagogi tun hantsi, ka buɗe su duka bayan isha'i idan iskar waje ta fi ta ciki sanyi, ka sa fanka a bakin taga ɗaya tana jawo iskar, ragar sauro kuma ta kasance lafiya lau. Canza tsofaffin ƙwayaye masu zafi zuwa na LED. Idan mai gida zai yarda a cire daga kuɗin haya, farin fenti a kan kwano da shimfiɗa a saman silin aiki ne na kwana biyu, kuma ɗakin da ke can ƙarshen yamma ko a saman bene shi ya fi cancanta a fara da shi.